Ba a Goyo a Jirgin Hamidu

Asabar, 20 ga Yuli 2024

Maigidana Hamidu ya jawo jirgin nan yau. (A nan dai ina iya rubuta sunansa, ba mai jina.) Shekara da shekaru yana kife a bayan ɗaki, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa, har na manta ba akurki ba ne. Ɗan farin kwalekwale, tsawonsa bai wuce tabarma biyu ba. Daga Kwatano ya ɗauro shi bisa kayan mutane lokacin yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya. Wai in suna jiran lodi a bakin teku masunta ke shiga ruwa da shi, su suka koya masa tafiya da iska. Dariya na yi masa a lokacin, na ce a Gidan Rumji sai dai ya tuƙa shi bisa yashi.

To bana ga ruwa. Gulbi ya tumbatsa, tapkin bayan gari ya haɗiye fadama, daga wannan gaɓa ba ka gane mutumin da ke waccan.

Abin da ya rufe mini baki: ya ƙwala wa 'yarmu Rufaida kira ta kawo masa soso da sabulu. Tun da motar ta faɗi da shi aka sa masa ƙarfe a ƙafa ban ji ya ɗaga murya ba. Tabarma, gindin dogon yaro, rediyon da ba ya saurare. In an kawo tuwo ya ci, in ba a kawo ba bai tambaya. Jikinsa aka dawo mini da shi, shi kansa ban san inda aka baro shi ba. Yau ga shi durƙushe yana kankare kashin kaji yana 'yar waƙa.

Ina son muryar nan ta zauna. Ina kuma tsoron ruwan nan ya ci mini ɗa. Ban san yadda zan yi da su biyun ba.

Laraba, 24 ga Yuli

Ɓeraye sun cinye zanen jirgin, wanda iska ke turawa. Ya kawo mini buhunan shinkafa farkakku, ya zana mini kusurwa uku a ƙasa da sandarsa, wai in ɗinka. Ni da ke ɗinka kayan amare. Allura ta karye mini har na gaji da sauyawa.

Kowane layi sau biyu na bi shi. In ma wani abu zai faru, ba dai ta wajen ɗinkina ba.

Na gindaya sharaɗi. Rufaida ba ta shiga sai da robar cikin taya a ƙugu. Muhsin kuwa, da ko shekara bai yi ba, ko warin ruwan ba zai ji ba. Ya ce to. Da sauri ya faɗa, shi ya sa ban yarda ba.

Juma'a, 2 ga Agusta

An kai jirgin ruwa bayan masallaci. Mai walda ya haɗa masa ɗan amalanke mai taya biyu, Sale ƙanin Hamidu ya kawo san amalankensa ya ja. Don ɗoki tun a gida suka kafa doguwar gora a jirgin suka ɗaura mata zanen. Muna fita iska ta kaɗa buhunan, san ya waiwaya ya ga wani farin abu na bin sa, ya zura da gudu. Sale na rataye da igiya yana kiran sunan Allah, yaran unguwa na biye, gorar ta kwashe shanyar Mairo maƙwabciyata ta tafi da zanenta har bakin tapki. Ban so yin dariya ba.

A gaɓa dariyar ta ƙare. Hamidu ya miƙa mini sandarsa, ya ja jiki ya shiga. Iska ta cika zanen, jirgin ya tafi sumul, ba ƙara ba hayaƙi. Ya zauna a baya, hannu ɗaya a katakon juyawa, ɗaya a igiya, ƙirji a buɗe, yadda nake ganinsa da can in ya shigo tasha da kamiyo.

A ruwa ba ya ɗingishi. Na tsaya riƙe da sandar har ya dawo.

Lahadi, 4 ga Agusta

Ya cinye tuwo ya nemi ƙari.

Alhamis, 8 ga Agusta

Sun kife, shi da Sale. Alhamdu lillahi kusa da gaɓa ne, ruwa iya ƙugu.

Laifin Sale ne. An ba shi igiyar zanen ya riƙe, shi kuwa mutumin amalanke, duk igiyar da ta shigo hannunsa sai ya ƙulle. Ya yi mata ɗaurin kaya a jikin jirgi don ya ɓare goro. Iska ta bugo, ba damar saki, sai ga su cikin taɓo. Ya fito yana tofar da ruwa yana cewa, «Matar yaya, jirgin mijinki ba ya da tarbiyya.» Na ce mai goron ne ba ya da ita.

Hamidu bai yi dariya ba. Da muka dawo ya zaunar da mu, har da Rufaida. Ya ce, «Abu biyu ba a ɗamrewa cikin jirgi, igiyar zane da jinjiri. Masuntan da sunka koya mini, mace ba ta shiga jirginsu da goyo. Sai ta kwance ta aza bisa cinya, in wani abu ya hwaru ta ɗaga shi sama.»

Na ce wane wuri ne a duniya ya fi bayan uwa.

Ya ce, «Bisa tudu, babu.»

Ai maganar ba ta shafe ni ba, ni da Muhsin ba inda za mu.

Asabar, 17 ga Agusta

Rufaida ta koyi riƙon igiya, tafin hannunta duk ya yi ja, tana nuna wa ƙawayenta kamar lalle. Yau iska ta ɗauke musu a tsakiyar tapki. Tun azahar ina tsaye a gaɓa da goyo ina kallon ɗan farin abu da ba ya motsi. Kayan bikin Mairo na kan keke ban taɓa ba. Sai bayan la'asar Hamidu ya turo su da gora, ya iso a jiƙe da gumi, yana murmushi.

Murmushin ne ya tunzura ni. Na faɗi abin da na faɗa, a gaban yarinya ma. Na ce wanda ya kasa tsallake kwata da ƙafarsa shi zai tsamo mini 'ya a ruwa? Allah ya yafe mini, da gangan na zaɓi wurin da zai yi zafi.

Ya ce, «In kin ce a kihe shi, a kihe shi, Dija.» Da waccan muryar, ta gindin dogon yaro.

Ban ce a kife ba. Ban kuma ce a bari ba. Na shiga ɗaki na taka keke har ƙafata ta yi tsami.

Talata, 20 ga Agusta

Yayata ta kira daga Cadawa. An tsamo yaron wasu a kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini, ruwan ma bai kai wuyan babba ba. Na kashe wayar na ƙara tamke majanyi.

Lahadi, 1 ga Satumba

Geron gonarmu ta tudu ya nuna, can ƙetaren tapki. In ta ƙasa ne sai an zagaya ta gada, rabin wuni. Rufaida ta dame ni da zancen tumu. Kowace shekara muna zuwa gaba ɗaya mu gasa sabon gero a gona, bara ne kawai ba mu je ba, Hamidu na kwance.

Da la'asar ya zo ya tsaya bakin ƙofar ɗakin ɗinki. Bai iya roƙo ba, bai taɓa iyawa ba. Ya ce, «Tunda anka yi aurenmu ban taɓa ɗaukar ki a mota ba. Kullum kayan mutane.» Ya ce gefe-gefe za mu bi, inda babba ke tsayawa da ƙafarsa.

Na ce Muhsin fa, wa zan bar wa, yana nono.

Ya ce, «Bisa cinyarki.»

Na ce Asabar. Bakina ne ya faɗa, cikina bai yarda ba.

Asabar, 7 ga Satumba

Sama garau. Na yi addu'ar da na sani duka. Sale ya iso da sa.

Lahadi, 8 ga Satumba

Muhsin na numfashi. Muna likita. Sauran sai wata rana.

Talata, 10 ga Satumba

Yana barci, zazzaɓin ya sauka kaɗan. Majo, babban ma'aikacin likitar, ya ce ruwa ya taɓa huhu amma allurar na aiki. Bari in rubuta, ko ya fita daga kaina.

Tafiya lafiya lau. Na kwance goyo a gaɓa kamar yadda Hamidu ya ce, na ɗora Muhsin a cinya, yana ta miƙa hannu yana son kama zanen. Ba zan yi ƙarya ba, akwai daɗi. Ba jijjiga, ba ƙura, sai ruwa na ɗan lasar jikin jirgi. Rufaida na nuna mini kan itatuwan fadama da suka nutse. Muka gasa tumu, muka murje, muka ci har muƙamuƙi ya gaji. Hamidu ya ba da labarin hanya, irin wanda ya daina bayarwa.

Muna haɗa kaya gabas ta yi baƙi. Ya duba ya ce za mu riga hadarin in mun tashi yanzu. Yana can yana fama da zanen, ni ina kallon hadarin. Na dubi hannuwana, suna rawa. Na ce waɗannan hannuwan ne za su riƙe mini yaro in iska ta taso? Sai na juya baya na saɓa shi, na ɗaura zane, na kawo majanyi na yi masa ƙulli biyu. Na zura babban hijabina ya rufe komai. Ƙullin tumun da muka rage na rungume a cinya a ƙarƙashin hijabin, na zauna ina fuskantar Hamidu. Ya dubi tudun da ke gabana ya ce, «Rufe shi da kyau, iska na da sanyi.» Na ce to.

Na ji hankalina ya kwanta. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, hankalina kwanciya ya yi.

Mun wuce rabi iskar gaban hadari ta iso. Rufaida ta saki igiya tun kafin ya faɗa, zanen ya yi ta kaɗawa, jirgin ya miƙe. Da mun tsira. Amma iskar ta tura mu gefe, cikin jirgin ya hau wani kututturen goriba da ruwa ya rufe, ya karkata, ruwa ya zubo. Ban san yadda na sami kaina a tsaye ba. Ƙafata a taɓo, ruwa a wuyana, ina numfashi.

Na ji Hamidu daga bayan jirgin yana cewa, «Ɗaga shi sama, Dija, ɗaga yaron.» Na ɗaga hannuwana. Gero ne ke watsewa a kan ruwa. Ya dubi hannuwan, ya dube ni.

Kan Muhsin iya kafaɗata yake tsayawa in na goya shi, ƙasa da wuyana. Ni ina shan iska, shi yana ƙarƙashi. Ina jin ƙafafunsa na harbina a ƙugu. Na yi ɗage, taɓo ya ƙara haɗiye ni. Na kai hannu ƙirji, hijabi ya manne, majanyi ya sha ruwa, ƙullin ya zama dutse. Ni na ƙulla shi, na san ba zai kwance ba. Na ja da farce, na ja da haƙori. Harbin ya fara raguwa.

Ban ga lokacin da ya iso ba. Ji na yi an rungumi cinyoyina an cira ni sama gaba ɗaya, ƙafata ta fita daga taɓo, bayana ya fito iska. Ya tsaya da ni a kafaɗa, a kan ƙafar nan da na yi masa gori. Na ji ƙarar da ta fito daga bakinsa. Rufaida ta taso da robarta, ta yaye hijabin ta kaina, ta cusa hannu ta saman zanen goyon ta kama shi ta hammata ta zaro shi. Ta kwantar da shi rub da ciki bisa bayan jirgin da ya kife tana bubbuga shi. Bai motsa ba. Leɓensa wani launi da ba na son tunawa.

Sai ya amayo ruwa. Ya sake. Sannan kukan.

Hamidu bai sauke ni ba sai da ya ji kukan. Sale da wasu makiyaya suka shigo da igiya suka fitar da mu, ruwan sama na dukanmu. Shi sai ɗaukarsa aka yi.

Juma'a, 13 ga Satumba

Mun dawo gida. Tari ya rage. Ƙafar Hamidu ta kumbura har gwiwa, an ce ƙarfen bai goce ba, amma ya daina taka ta.

Gida cike da 'yan jaje, kuma bakinsu ɗaya. Sale ya ga zane da majanyi a jikina da aka fito da mu, labari ya zaga gari. «Allah ya so goye yake.» «Da a hannu yake da ruwa ya tahi da shi.» «Ke kam uwa ce, Dija.» Mairo har da hawaye. Sannan su juya wajen dogon yaro su rage murya, wai mutum da lalurarsa ya kwashi iyali ya kai ruwa.

Yana ji. Ya ce, «Haka ne.» Kowa ya zo, haka ne.

Bai tambaye ni ba. Ko da ido. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Rufaida kuwa in ana yabona, sai ta tashi ta fita.

Laraba, 18 ga Satumba

Inna Talatu, mahaifiyar Hamidu, ta zo daga ƙauye ta wanke ɗanta tas, a gaban ƙannensa. Ta ce ya gode wa Allah da ya ba shi mace mai hankali. Ya sunkuyar da kai, mutum mai furfura a gemu.

Na bi ta ɗaki na ce, Inna, ba haka aka yi ba, goyon ne ya kusa kashe shi, ya hana ni na ƙi ji. Ta dube ni ta ce, «Ke ɗiyata, bar kare shi. Ni na goyi tara, wane ne goyo ya kashe?» Ta gyara ɗaurin kallabinta ta shiga zancen wake.

To. Na faɗa, ba ta da wurin sa shi.

Rediyo ya dawo gindin dogon yaro. Yau tuwonsa ya dawo da saura.

Alhamis, 26 ga Satumba

An jawo jirgin an kife a inda yake da. Gefensa ya tsage kaɗan, zanen ya yage daga sama har tsakiya. (Ba a kan ɗinkina ba, buhun ne ya ba da kai.) Kaza har ta fara leƙawa.

Na ji yana gaya wa Sale ya nemo mai so. Wai Jibrilla, cikin makiyayan da suka fitar da mu, ya ce zai yi kyau da shayar da shanu in rani ya yi. Komin shanu. Sale ya yi ta jan zance, ya ce a bari ƙafa ta warke tukuna. Hamidu ya ce, «Ba ni son ganin shi.»

Abin da na roƙa ke nan tun Yuli. An ba ni. 'Ya'yana biyu na tsakar gida a kan busasshiyar ƙasa, ba abin da zai taɓa su. Na zauna gaban keke na kasa zura zare.

Na goya Muhsin zan tafi kasuwa, da na zo ƙulli na biyu sai na kasa. Na sauke shi. Na aiki Rufaida.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Jibrilla ya zo da amalanken jaki, Hamidu na likita wajen duba ƙafa. Na leƙa zaure na ce masa an fasa. Ya ce maigida ne ya aiko. Na ce maigidan ne ya fasa. Ya ce to, Allah ya ƙara sauƙi, ya juya jakinsa.

Ban gaya wa kowa ba. Ƙarya ta biyu ke nan a kan jirgin nan.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Ruwa na ja da baya, kan kututturan fadama sun fara fitowa. Sale ya ce in an yi sa'a tapkin zai ɗauki jirgi zuwa ƙarshen wata, daga nan sai baɗi.

Zare ya rage mini daga kayan Mairo, mai ƙarfi, ba shi da wani amfani. Shi ya sa na ɗinke zanen jirgin. Na sa masa ƙyalle a inda ya yage, shuɗi, shi ke gare ni. Rufaida ta riƙe mini baki ɗaya, ba ta tambayi komai ba, amma ta yi mini magana yau fiye da duk makon nan. Tsagar gefen kuma mai gyaran bokiti ya ce aikin minti kaɗan ne. Wucewa yake yi, na tsayar da shi kawai.

Na ninke zanen na ajiye bakin tabarmar Hamidu tare da tuwo. Ya daɗe yana kallon shuɗin ƙyallen. Ya ce, «Jibrilla bai zo ba.» Na ce ya zo. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun ranar. Na ce tuwo na hucewa.

Ban ce zan shiga ba. Na dai ce wa Sale in san ba ya aiki ranar Lahadi.

Da la'asar na taka bakin tapki in ga inda ruwan ya tsaya. Da Muhsin na je, a hannu. Matan da ke wanki suka yi ta tambaya ko bayana ke ciwo, ɗaya har ta kwance majanyinta za ta ara mini. Na ce a'a, koyo nake.

Yaron nan ya yi nauyi. Har yanzu kafaɗata zafi take, amma na kai shi na dawo da shi ban sauke ba.